Idan Firgici Ya Ƙi Barin Zuciya

Wanda ya kuɓuta daga hannun masu garkuwa, ko ya tsira daga hatsarin mota, yakan dawo gida jiki lafiya ƙalau, amma bayan wata biyu ƙarar babur kaɗai ta isa ta zaburar da shi, gumi ya karyo masa. Dare ya yi, mafarki ya mayar da shi inda abin ya faru. Dangi su ce ya yi haƙuri, ƙaddara ce. Babu musu. Sai dai idan abin ya haura wata guda yana hana barci da neman abinci, likitoci suna kiransa PTSD, kuma yana da magani.

Ɗaya daga cikin hanyoyin maganin ita ce EMDR, wato jinya da motsin ido. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Francine Shapiro, ta faro ta a 1987, bayan ta lura tana cikin yawo cewa tunanin da ke damunta yana yin sauƙi idan idanunta suna kai-komo. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin hanyoyin da ta amince da su, ga manya da yara.

A zaman farko ba a taɓa ciwon. Mai jinyar zai ji tarihinka, ya koya maka yadda za ka kwantar da numfashi idan gabanka ya faɗi. Sai ka iya wannan sannan zai ce ka kawo hoton da ya fi cin ranka, ka auna zafinsa daga sifili zuwa 10. Zai ɗaga yatsu biyu yana kai su dama da hagu a gaban fuskarka, kana bin su da ido kamar rabin minti, ba tare da ka motsa kanka ba. Ya sauke hannu, ya ce, "Me ya zo maka?" Ka faɗa a taƙaice, a sake. Wasu sukan yi da ɗan bubbuga bayan hannu ko sauti a kunne. Zama ɗaya yakan ci awa guda zuwa awa ɗaya da rabi, galibi a yi 6 zuwa 12.

Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ba sai ka zayyana komai da bakinka ba. Matar da aka yi wa fyaɗe, wadda kunya ta ɗaure wa harshe, za ta iya riƙe hoton a zuci a yi aikin. Masana suna jayayya kan rawar da idon ke takawa. Wani bayani mai ƙarfi ya ce ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe hoton da ƙarfinsa alhali tana bin yatsa, shi ya sa yake dushewa. A ganina ƙwarewar mai jinyar ta fi yatsun nauyi.

Saboda haka kada ka gwada a ɗaki kai kaɗai da bidiyon YouTube. Wanda ya fama miki dole ya san yadda ake ɗaure shi. Ka tambayi mai jinyar inda ya sami horo da wanda ke duba aikinsa. Idan ya ɗaga yatsa tun ranar farko, ka nemi wani. Ka sanar da shi in kana da farfaɗiya, ciwon ido, ko kana shan ƙwaya, mai juna biyu ma ta faɗa. Bayan zama mafarkai kan ƙaru na kwana ɗaya ko biyu, ka rubuta su ka kai masa.

Ƙwayar barci irin su diazepam da ake saya a kemis ba ta warkar da PTSD, sabo kawai take jawowa. Dangi kuma su daina tsare mutum da "ba mu labari" duk baƙon da ya zo jaje.

Masu horon EMDR ba su da yawa a ƙasarmu. Ka fara da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa, ko asibitocin tarayya na Maiduguri, Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato. In babu EMDR, jinyar tattaunawa da ake kira CBT tana aiki daidai da ita. Wanda kuwa tunanin kashe kansa ya fara ziyarta, a kai shi asibiti yau, kada a jira ranar ganin likita.