Amsoshin Tambayoyinku: Haruffan nan masu kauri da karkata, ina amfaninsu?

Tambaya: Ina da gidan abinci kusa da gadar Wudil. Na je a buga mini allon talla, sai mai bugawar ya nuna mini wasu haruffa jibga-jibga da suka karkata dama, ya ce su ake yayi. Mene ne asalinsu, kuma za su dace da ni? Daga wata mai karatu a Wudil.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Abu uku ne suka haɗu a haruffan da aka nuna miki, kuma kowanne da dalilinsa.

Na farko, ba su da 'yan ƙafafun nan da ake gani a ƙarshen haruffan littafi. A Landan aka fara sayar da irinsu ga maɗaba'u a 1816, daga baya suka yi fice da fitowar haruffan Futura a Jamus a 1927 da Helvetica a Suwizalan a 1957. Rashin adon ne ya sa ido ke saurin tsinto su.

Na biyu, kauri. Shi ke sa a hango su daga nesa. Na uku, karkata. A birnin Benis na Italiya, Aldus Manutius ya fara buga littafi da karkatattun haruffa a 1501, yana kwaikwayon rubutun hannu. A yau kuwa masu talla na karkatar da harafi ne don ya yi kamar mai sauri, shi ya sa kike ganinsu a jikin motoci da rigunan 'yan ƙwallo.

Ga mai sana'a a bakin titin Kano zuwa Maiduguri, sun dace. Direban da ya ɗauko shanu daga kasuwar Kara ranar Juma'a ba zai tsaya yin babbaƙu da farfaru ba, kallo ɗaya zai yi wa allonki ya wuce. Sai dai ki taƙaita: sunan gidan da kalma biyu ko uku. Jerin abinci da farashi a sa su da miƙaƙƙun haruffa marasa kauri, domin idan kowane layi yana ihu, babu wanda za a ji. A bar 'yar tazara tsakanin haruffan, kuma launinsu ya yi hannun riga da na allon, kamar baƙi a kan rawaya.

Abu na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Da yawa daga cikin waɗannan haruffa ba a zana su da Hausa a zuciya ba, don haka babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsu. Kafin ki biya, ki ce wa mai bugawar ya rubuta miki "Maraba da baƙi" a kwamfutarsa ki gani. Idan lanƙwasar ba ta fito ba, a canza wasu. In ba haka ba, allonki zai riƙa yi wa baki maraba, ba baƙi ba. Ko da yake a gidan abinci, shi ma bakin ai ba a kore shi ba.