Amsoshin Tambayoyinku: Maraici Ne Ya Sa Swift Ya Yanke Ƙauna Daga Mutane?

TAMBAYA: Malam, na karanta labarin tafiye-tafiyen Gulliver, na ga yadda marubucin ya mai da ɗan Adam abin ƙyama. An ce mini maraya ne. Shin rashin gata ne ya sa shi haka? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Malama, abin da aka gaya miki gaskiya ne, amma da sauran bayani.

An haifi marubucin, Jonathan Swift, a Dublin a 1667, watanni bayan rasuwar mahaifinsa. Yana jinjiri mai renonsa ta tsallaka teku da shi zuwa garin Whitehaven a Ingila, ya yi shekaru a hannunta. Mahaifiyarsa kuma ta koma Leicester da zama, riƙonsa ya faɗa hannun baffansa Godwin, wanda ya tura shi makarantar Kilkenny tun yana ƙarami. Ci da sutura da karatu duk ya samu. Abin da ya rasa shi ne gidan da zai ce nasa ne, da uwar da za ta lallashe shi in ya yi kuka.

Yaron da ya tashi haka yakan koyi lura da fuskokin manya tun da wuri, yana auna wa zai riƙe shi, wa zai sake shi. In ya girma ya ɗauki alƙalami, wannan idon ne yake kallon mutane da shi. A ganina, daga nan Yahoos suka samo asali, ƙazaman halittun nan masu siffar mutane da ke cikin littafin na 1726, waɗanda dawakai suka fi su hankali.

Sai dai kada ki ɗora komai a kan yarinta. Swift ya ga yunwar talakawan Ayalan da idonsa, ya ga yadda dokokin Ingila suka karya kasuwancinsu. Fushinsa yana da dalili. Marubuci Charles Dickens ma an tura shi aikin masana'antar man goge takalmi yana ɗan shekara 12, lokacin da aka ɗaure mahaifinsa saboda bashi a 1824, amma tausayi ne ya fi yawa a rubutunsa.

Shi kansa Swift bai fid da rai gaba ɗaya ba. Da ya rasu a 1745, dukiyarsa ya bari a gina asibitin masu taɓin hankali a Dublin, kuma asibitin yana aiki har yau.