Saurin Na'ura Daban, Ribar Kamfani Daban

Ya ku masu niyyar sayen hannun jari a kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, ku yi hattara da jayayyar da ake tafkawa tsakanin magoya bayan Intel da na AMD, domin galibi hujjarsu ba ta wuce saurin na'ura, alhali fifikon yau ba ya lamunce ribar gobe. Intel, wanda aka kafa a 1968, ya daɗe yana mulkin kasuwa, har AMD ya fito da Ryzen a 2017 ya rage masa rabo, kuma a 2024 Intel ya dakatar da raba riba ga masu hannun jarinsa.

Saboda haka, da farko ku nazarci rahoton da kamfani ke fitarwa duk wata uku, ku auna cinikinsa da ribarsa da bashinsa. Na biyu, ku binciki inda ake ƙera kayansa, domin AMD da takwaransa Nvidia sun dogara ga kamfanin TSMC na Taiwan wajen ƙera nasu, Intel kuwa yana ɗauke da nauyin masana'antunsa masu cin kuɗi. Na uku, ku rarraba dukiyarku, kuma kada ku kuskura ku sa kuɗin bashi ko na cefanen iyali cikin wannan sha'ani.