Zinaren da ke hannunki, karat nawa ne?

'Yar'uwa, kafin ki sayi sarƙa ko awarwaro, ki san abu ɗaya: ba duk nauyin ba ne zinare. Tsantsar zinare yana da taushi sosai, saurin lanƙwashewa yake, shi ya sa maƙera ke gauraya shi da jan ƙarfe ko azurfa don ya yi ƙwari. Idan jan ƙarfen ya yi yawa sai launin ya yi ja-ja.

Karat shi ne ma'aunin wannan gaurayen, kashi 24 ake raba shi. Karat 24 tsantsa ne. Karat 21, wanda aka fi kawowa daga Saudiyya da Dubai, kashi 87.5 cikin 100 ne zinare, karat 18 kuwa kashi 75. Duba jikin kayan, za ki ga an buga 875 ko 750.

To mene ne amfanin sanin wannan? Na farko, mai sayar da 18 a matsayin 21 algus ya yi, haramun ya ci. Na biyu, zakka. Zinaren da aka ajiye a matsayin jari, malamai da dama na wannan zamani sun ƙiyasta nisabinsa da giram 85 na tsantsa. Kenan mai karat 21 sai ya kai kusan giram 97, mai karat 18 kuma kusan 113. Idan shekara ta zagayo, a fitar da 2.5 cikin 100.

Allah ya tsarkake mana dukiyarmu.