Shaye-shaye a Unguwa: Aikin Wane Ne?

Wannan 'yar takarda an rubuta ta ne domin masu unguwa da limamai da malaman makaranta da iyaye maza da mata, da duk wanda ya taɓa ganin tarin kwalaben maganin tari a cikin kwata ya kau da kai ya wuce. Nufinmu shi ne mu nuna yadda mutanen unguwa ɗaya za su haɗa kai su tare shaye-shaye tun bai shiga gidajensu ba, su kuma san yadda za su yi da wanda ya riga ya faɗa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Girman matsalar

A watan Janairun 2019 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi. An gano cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani kayan maye cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6, masu shan tiramol da dangoginsa miliyan 4.6, masu shan maganin tari don maye miliyan 2.4. A jihar Kano kaɗai an sami kashi 16 cikin 100, sama da mutum miliyan ɗaya ke nan. Kuma cikin kowane mashaya huɗu, ɗaya mace ce. A riƙe wannan na ƙarshen, za mu komo kansa.

Kafin nan, a ƙarshen Afrilun 2018, BBC ta nuna wani fim na binciken ƙwaƙwaf kan yadda maganin tari mai kodin ke fita ta bayan gida daga hannun wasu ma'aikatan kamfanoni zuwa hannun matasa. Washegari Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi. Mataki ne mai kyau, ba mai musu. To amma me ya biyo baya? Kwalba ta yi tsada ta koma ƙarƙashin kanta, wanda ya kasa sayenta ya koma wa ƙwaya, wanda ya kasa sayen ƙwaya ya koma wa sholisho. Abin ya zama kamar mai toshe wa gafiya rami ɗaya, ita kuwa ramukanta bakwai.

Doka a Abuja ake yin ta, amma ciniki a lungu ake yin sa. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana kama manyan kaya a tashoshin jiragen ruwa da manyan hanyoyi, sai dai ba ta da jami'in da za ta ajiye a kowane lungu. Mutanen lungun kuwa babu abin da ba su sani ba. Sun san shagon da ba ya rufewa sai ƙarfe ɗaya na dare alhali ba ya da cinikin rana. Sun san kangon da hayaƙi ke tashi bayan isha'i. Ita kanta hukumar ta gane haka, shi ya sa shirinta na yaƙi da shaye-shaye mai suna WADA da aka ƙaddamar ranar 26 ga Yunin 2021, a ƙarƙashin shugabancin Janar Buba Marwa mai ritaya, ya jingina ga makarantu da masallatai da coci-coci da sarakuna. Sanin yana nan a unguwa, a warwatse yake kawai. Shi ya sa ake buƙatar kwamitin unguwa, aikinsa shi ne ya tattara shi wuri ɗaya.

Su wa za su zauna?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara dattawa zalla. Dattijo yana da kwarjini, amma ƙarfe tara ya shige gida, abin da ake magana a kansa kuwa lokacin yake farawa. Mai unguwa da liman dole ne, haka limamin coci a garuruwa irin su Kaduna da Jos inda ake zaune a cakuɗe. A ƙara da shugaban makarantar boko, da malamar Islamiyya, da ma'aikacin asibitin unguwa, da shugaban 'yan sintiri. Sannan a nemo waɗanda ba a saba gayyata taro ba: mai shayi, da mai gidan kallon ƙwallo, da kocin yaran unguwa, da shugaban 'yan Adaidaita Sahu, da mai kemis mai lasisi wanda shi ma 'yan bayan fage ke ɓata wa suna. Mai shayi ya san yaron da ke zuwa da dare idanu jajur, ya sha shayi mai sukari cokali shida, ya kasa ƙirga canjinsa. Liman bai san wannan ba. A Amurka, dokar da suka yi a 1997 ta tallafa wa irin waɗannan ƙungiyoyi ta shardanta cewa sai an ga wakilan rukuni 12 na jama'a a ciki, har da matasa da 'yan kasuwa da 'yan jarida, kafin gwamnati ta ba da ko sisi.

Yanzu mu komo kan mace ɗaya cikin huɗu. Shaye-shayen mata ba a kango ake yin sa ba, a ɗaka ake yi, da gidan biki, a cikin robar lemo da ba mai zargin ta. Wata ƙawa ce ta koya mata ranar kamu, wata kuwa baƙin cikin zaman aure ne ya hana ta barci aka ce ga abin da zai kwantar mata da hankali. Ɗan sintiri ba zai shiga nan ba, mai unguwa ma haka. Mai kitso ke shiga, da mai lalle, da ungozoma, da dillaliya. Kwamitin da babu mata ya bar rubu'in aikinsa a ƙasa tun bai fara ba. In al'adar wurin ba ta yarda a zauna tare ba, mata su yi nasu zaman, wakiliyarsu ta riƙa kawo rahoto.

Kada a manta da tubabbe, wato wanda ya sha ya daina. Shi ya san sunayen da ake sakaya kaya da su, da farashi, da hanyar da suke biyowa. Kuma maganarsa ta fi shiga kunnen yaro fiye da ta wanda bai taɓa sanin abin ba.

Aikin farko

Kada a fara da gangami. Rumfa da kujeru da lasifika da babban baƙo na musamman kuɗi suke ci, mashayin kuma ba ya zuwa. A fara da zagaya unguwa da littafi. A rubuta kemis nawa ne, nawa ke da lasisi, kango nawa, wane lungu ne ba fitila, me aka fi sha, a wane lokaci. Wurare ake rubutawa, ba sunayen 'ya'yan mutane ba. Ranar da aka ji kwamiti na da jerin sunaye, ranar iyaye za su rufe bakinsu.

A kuma tambaya: me ya sa ake sha? Ba dalili ɗaya ba ne. Lebura da mai yasar rairayi da ɗan ga-ruwa suna haɗiyar tiramol ne don su yi aikin mutum biyu, ba don nishaɗi ba. Wanda aka amince a sayar a asibiti mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, amma na fasa-ƙwauri yakan kai 225, kuma shi ne ke kayar da mutum yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Ɗan makaranta abokai ne suka ja shi. Ɗan jagaliya saya masa aka yi. Wa'azin da zai shiga kunnen ɗaya ba zai shiga na ɗayan ba.

Da an gane shagon da ke sayarwa, sai a je da rana tsaka, mutum uku ko huɗu, mai unguwa a gaba. A yi sallama a zauna. Ba a buɗe magana da zargi.

"Malam, ba faɗa ya kawo mu ba. Kai ɗan unguwa ne, 'ya'yanka da namu makaranta ɗaya suke. Akwai abin da ake faɗa game da shagon nan, mun ga ya fi kyau ka ji daga bakinmu."

"Ranka ya daɗe, ni wanda ya zo da kuɗinsa nake sayar wa. In ban ba shi ba, gaba zai yi."

"Gaban ma za mu je. Yau kai muka fara da shi."

Da yawa a nan suke bari, don abin da suke dogara da shi shi ne zaton ba wanda zai iya yi musu magana. Wanda ya ƙi, a sami mai shagon da ya ba shi haya. In wannan ma bai yi ba, a rubuta takarda zuwa NDLEA da hukumar PCN, wadda ita ke ba masu kemis lasisi, kuma ƙa'idarta ba ta yarda ƙaramin kemis ya sayar da irin waɗannan ƙwayoyi ba. Takardar da sunan kwamiti za ta fita, da hatimin mai unguwa, da sanin dagaci ko hakimi, don kada dila ya sami mutum ɗaya da zai tare a hanya. Ban da ƙone shago, ban da duka. Unguwar da ta ɗauki doka a hannunta takan wayi gari 'yan kwamitin ne a ofishin 'yan sanda, dila yana gida.

Kango kuwa a nemo mai shi, ko yana wani gari. Ya toshe ƙofa da bulo ko ya sa mai gadi. Lungu mai duhu a yi karo-karo a sa fitila mai aiki da hasken rana. Masu tebur da ke sayar da giyar leda kusa da tasha ko makaranta, su ma a bi da su ta hanyar da aka bi da mai shago, don araharta da sauƙin ɓoye ta a aljihu ne suka sa ta kai hannun yara.

Ina yaro yake bayan magariba?

Akwai wata ƙasa a can arewacin Turai, Aisland, wadda mutanenta ba su kai rabin miliyan ba. A 1998, cikin 'yan shekara 15 da 16 na ƙasar, kashi 42 cikin 100 sun ce sun bugu da giya a watan da ya wuce. Zuwa 2016 abin ya sauko kashi 5. Ba tsoratarwa suka ƙara ba. Sun sa dokar hana yara yawon dare, iyaye suka riƙa zagaya unguwa rukuni-rukuni, suka sa hannu a yarjejeniya a tsakaninsu, aka zuba kuɗi a wasanni da sauran ayyukan bayan makaranta, kuma aka riƙa yi wa ɗalibai tambayoyi a kai a kai ana ba kowane yanki sakamakonsa. Mu ba mu da kuɗinsu, kuma yaron da ke talla don a ci abinci a gida ba dokar dare ce matsalarsa ba. Amma yarjejeniyar iyaye ba ta cin ko kwabo. Magidanta goma na layi ɗaya za su iya amincewa cewa duk wanda ya ga ɗan wani a waje bayan ƙarfe goma zai raka shi gida, kuma uban ba zai fito yana cewa ina ruwanka da ɗana ba. Wannan kalma ta "ina ruwanka" ta yi wa tarbiyyarmu ɓarnar da dila bai yi ba. Gasar ƙwallo tsakanin layuka, makarantar dare, da sama wa yaro gurbi wajen tela ko kafinta ko mai gyaran waya, duk ba su fi ƙarfin unguwa ba.

Wanda ya riga ya faɗa

Nan ne iyaye suka fi ruɗewa, kuma nan ne aka fi cutar su. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka sami irinsa a Daura. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biya, don a raba su da shaye-shaye.

A sani cewa jikin da ya saba da kodin ko tiramol, in aka yanke masa, sai ya yi kusan mako yana ciwon gaɓoɓi da gumi da zawo da rashin barci. Ba iskoki ba ne, ba kuma taurin kai ba. Wanda ya saba da giya mai yawa ko ƙwayar barci irin su roci, yanke masa farat ɗaya na iya jawo jijjiga har ta kai ga rasa rai. Saboda haka aikin likita ne. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, ga kuma na Dawanau ta Kano, kuma ofisoshin NDLEA na jihohi suna da masu ba da shawara. Kwamiti ya san ranakun ganin likita da abin da ake kashewa, ya kuma ware wani abu don kuɗin mota ga gidan da ba shi da hali.

Kada kuma a ce a yi masa aure zai daina. Ba ya dainawa, 'yar mutane kawai aka jefa a ciki.

In ya dawo daga asibiti, lokacin aikin unguwa ya fara. Yaron da ya tarar ana nuna shi da baki a masallaci, ogansa ya ƙi karɓarsa, babu mai amsa sallamarsa sai tsofaffin abokansa na kango, wurinsu zai koma. Komawar ma in ta faru ba ƙarshen magana ba ce, da yawa sai sun faɗi sun tashi kafin su tsaya. Malamai sun san cewa ita kanta giya ba a rana ɗaya aka haramta ta ba, mataki-mataki hukuncin ya sauka. A sami dattijo ɗaya da zai riƙa neman sa duk mako, da mai sana'a ɗaya da zai ce ya zo gobe da safe.

Kuɗi da 'yan siyasa

Kwamiti ya rayu da karo-karon 'yan unguwa, komai ƙanƙantarsa, a riƙa karanta lissafi a kowane zama. Zama sau ɗaya a wata ya isa, in dai ba a fasawa. Gudummawar ɗan takara kuwa a yi hattara da ita. Kowa ya san lokacin da ƙwaya ta fi yawo a unguwa shi ne lokacin yaƙin neman zaɓe, kuma an san motocin da ke kwasar yara zuwa taro su dawo da su a buge. Kwamitin da ya karɓi buhun shinkafar mutum ba zai iya aika masa takarda ba. Duk ɗan takarar da zai shigo unguwa, ko na wace jam'iyya ne, a sanar da shi a rubuce tun da wuri cewa ba a yarda a ɗauki yaro ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa gangami ba, kuma 'yan sintiri za su rubuta lambar duk motar da ta zo ɗiba. Kwafin takardar ɗaya a kai wa hakimi, ɗaya ga baturen 'yan sanda na yankin, ɗaya a liƙa a ƙofar mai unguwa.