Darasin lafiya: Hanyoyi biyu na cire maɗaciya

Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya san maɗaciya. Ƴar jaka ce koriya, manne da hanta. Mu ma muna da ita. Tana ajiye ruwa mai ɗaci da ke taimakon hanji narkar da mai.

Wani lokaci tsakuwa na taruwa cikinta. Sai mutum ya ji ciwo mai tsanani a dama, ƙarƙashin haƙarƙari, galibi bayan cin abinci mai maiƙo. Abin ya fi samun mata, da masu ƙiba, da masu amosanin jini, wato emasi. Idan ciwon ya yi ta dawowa, magani shi ne a cire maɗaciyar. Mutum na rayuwa lafiya ba tare da ita ba.

Hanya ta farko: fiɗa ta ƙananan huji

Tun 1882 ake cire maɗaciya ta hanyar tsaga ciki. A 1985 lokotoro Erich Mühe na Jamus ya cire ta ta ƙaramin huji, a 1987 kuma Philippe Mouret ya yi haka a Liyon ta Faransa. Yau ana yin huji 3 ko 4, kowane kamar santimita 1 ko ƙasa da haka. Ana hura iska a ciki, a zura kamara da dogayen kayan aiki. Lokotoro na riƙe da su da hannunsa, yana kallon allon tele. Marar lafiya kan koma gida a ranar ko kashegari, ya kama aiki bayan mako 1 ko 2.

Hanya ta biyu: fiɗa da na'ura mai hannuwa

Nan ma ƙananan huji ake yi. Amma lokotoro na zaune gefe, yana sarrafa hannuwan na'ura. Na'urar ba ta yin komai da kanta. Amurka ta amince da wadda ake kira da Vinci a 2000. A 2001, lokotoro Jacques Marescaux yana birnin Niyok ya cire maɗaciyar wata mata da ke kwance a Sitirasbur ta Faransa, da wata na'ura irin wannan.

Wace ta fi?

Na'ura na nuna ciki sosai, hannunta kuma ba ya rawa. Amma kuɗinta ya wuce miliyan 500 na sefa, aikin kuma kan fi daɗewa. Wajen warkewa, hanyoyin biyu kusan ɗaya suke. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2023, kan mutane fiye da miliyan 1, ya duba mummunan rauni ga bututun da ke kai ruwan maɗaciya hanji. Da na'ura, ya samu mutum 7 cikin 1000. Da hannu, mutum 2 cikin 1000.

Abin da za mu riƙe

Tsadar kaya ba ita ce lafiya ba. Ƙwarewar lokotoro da zuwa likita da wuri su suka fi muhimmanci. Idan ciwon dama ya zo da zazzaɓi, ko amai, ko idanu suka yi ɗorawa, kada mu tsaya jiƙe-jiƙe. Mu je likita ranar nan. Hoton ciki da ake kira eko na nuna tsakuwar.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin maɗaciya?
2. Wa ke sarrafa na'ura lokacin fiɗa?
3. Waɗanne alamu ne za su sa mu je likita ba jinkiri?