Kumburin Ciki da Ruwan Kanwa

Ba wanda zai koya wa mutumin Faskari cin wake. Mu ke noma shi, mu ke kai shi kasuwar Sheme da ta Funtuwa, mu ke cin sa a ɗanwake da alala da ƙosai da garau-garau. Abin da yake yi wa ciki ma kun sani.

Iskar ciki hanya biyu gare ta. Akwai wadda muke haɗiya wajen cin abinci da gaggawa, da surutu da loma a baki, da shan lemon kwalba, da taunar cingam, da zuƙar taba. Yawancinta gyatsa ke fitar da ita. Akwai kuma wadda ke taruwa a babban hanji. Wake da waken suya da kabeji da albasa da dankali suna da wani sashe da ciki ba ya iya narkarwa. In ya gangara babban hanji, sai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ci shi, su saki iska. Wasu kuma madara ce ba ta karɓe su ba, amma kindirmo bai cika damunsu ba. Mai lafiya yakan saki iska sau 10 zuwa 20 a kwana da yini. Wannan ba ciwo ba ne. Kada ka riƙe ta don tsoron sake alwala. Keɓe, ka huta, ka sake alwalarka.

Maganin wannan mai sauƙi ne. A jiƙa wake tun dare, da safe a zubar da ruwan, a wanke, a dafa da sabon ruwa har ya yi laushi. A ci a hankali. Bayan abinci a ɗan taka, kada a miƙe a kan tabarma nan take. A sha ruwa mai tsabta, a ci zogale da rama da kuka, don bayan gida ya riƙa zuwa ba wahala.

Abin da ya kawo mu wannan darasi shi ne kanwa. Kada a jiƙa kanwa a sha don kumburin ciki.

Ga wani gida bayan sallar isha'i. Mai gida ya share kwanon ɗanwake, ya kora da lemo mai sanyi, ya kwanta. Can sai nishi.

"Wayyo, cikina! Ke, zo ki ji, ya yi tam kamar ganga."

Mahaifiyarsa ta jiyo daga ɗakinta. "Me kuke jira? Jar kanwa tana nan a ƙasan gadona cikin gwangwani. Jiƙa masa, ki sa da yawa."

Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa. "Inna, a ajinmu an ce ba a shan ta. Kuma kin san Malam yana da hawan jini."

"Aji? Da ita na raini wannan da kike gani. Ubansa ma ita ya sha har ya koma ga Allah. Ke da kika fara riƙe fensir bara, yau za ki koya mini ciki?"

"Ba haka ba ne, Inna. Bari in ɗumama masa ruwa, ya tashi ya zaga tsakar gida."

"Ni zan zaga tsakar gida da daren nan, yara na kallo?" in ji mai gida. "Yi abin da Inna ta ce."

Aka jiƙa, ya shanye kofi guda. Ba a jima ba ya yi gyatsa har akuya ta zabura a turke. Inna ta ce, "To, malama, kin ji?"

Kowa ya ji. Amma wace iska ce ta fito? Kanwa in ta haɗu da ruwan tsamin da ke cikin tumbi, ita kanta iska take haifarwa. Ita ce ta fito a gyatsar. Ta waken tana can ƙasa a babban hanji, kanwa ba ta taɓa ta ba. Abin da ya rage a jiki shi ne gishirin kanwar. Gishirin nan yana riƙe ruwa a jiki, yana tayar da hawan jini, yana gajiyar da zuciya da ƙoda. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke kasawa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya, suka kuma alaƙanta abin da yawan kunun kanwa da zafin da ake gasa su da shi. Zariya ce, ba wata ƙasa ba, kuma kanwar ita ce dai tamu. Ɗan abin da ake jefawa a tukunyar wake daban, kofi guda na jiƙo daban. Kada a sha.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maƙwabta. Da an ce ciki, kowa ya zama likita. Wannan ta aiko da ungurnu, wancan ya kawo kafso daga kemis ba tare da an duba kowa ba, wani ya ce a ƙara kanwar, ta farko ba ta ji ba. Ba wanda zai tambaya, "Yaushe rabonsa da bayan gida?" Alhali tambayar ke nan.

Ku riƙe wannan da kyau. In ciki ya kumbura ya yi tauri, ba tusa ba bayan gida, ga amai, musamman kore, to wataƙila hanji ne ya toshe. In mai gwaiwa ne, ta fito ta ƙi komawa tana ciwo, shi ma haka ne. In an yi kwanaki ana zazzaɓi, sannan ciki ya ɗaure ba ya son taɓi, taifot na iya huda hanji. Waɗannan aikin tiyata ne. Ba kanwa, ba abinci, ba jira. Kun san halin hanyoyinmu da dare. Mutumin Yankara ko Daudawa ko Maigora da ya ga alama da hantsi ya tsaya jiƙe-jiƙe har magariba, ya jawo wa mara lafiyarsa kwana cikin azaba. A tashi tun da rana, a nufi asibiti mafi kusa, in sun ce Babban Asibitin Funtuwa a wuce. Haka kuma kumburin da ya ƙi tafiya makonni, ga rama, ko jini a bayan gida, ko gudawa, a je a auna.

Saura jarirai. Jaririn da ke kuka yana murɗe-murɗe, a ɗora shi a kafaɗa bayan ya sha nono, a shafa bayansa har ya yi gyatsa. Kafin wata 6 nonon uwa kaɗai zai shiga bakinsa. Ƙodarsa ba ta yi ƙwarin ɗaukar kanwa ba, ko ɗigo ɗaya. In kaka ta miƙo cokali, uban yaron ne ya kamata ya yi magana, cikin ladabi, kada a bar mai jego ita kaɗai da surukarta.